Dutsen Gonar Ya'u

Shekara ashirin Jumare yana sayen gwangwan a unguwar Fegge ta Onitsha, kuma a cikin tarin ƙarfen da ya bi ta hannunsa, duwatsu tara kacal ya hana a kai narkarwa. Duwatsu ne da suka faɗo daga sama. Ya ware musu akwati, ya kasa su da kansa: ga na ƙarfe zalla, ga masu haɗe da tsakuwa. Mayen ƙarfe yake fara kanga musu, ya goge gefe da magagari, ya ɗiga asid irin na maƙeran zinariya. In layuka suka fito suna gicciye juna kamar saƙar tabarma, ya san ba kashin maƙera ba ne.

Mafi girmansu Ya'u ne ya kawo, wani lebura da ya tono shi a gonar mahaifinsa, ya biyo motar albasa da shi har Onitsha.

Wata Talata wani dakta daga jami'a ya sauka a okada. Ya jujjuya dutsen Ya'u, ya taɓe baki, ya ce tarkacen masana'anta ne, amma zai tafi da shi ya gwada.

"Tarkace kuma za ka ɗauka, kilo goma sha huɗu?" in ji Jumare. "Zan yanko maka ɓalli. Amma sai ka rubuta sunan wanda ya tono shi da garinsu."

Dakta ya yi dariya, ya ce da turancin kasuwa ai ba haka ake yi ba: "Oga, no be so dem dey do am."

"To nan haka ake yi."

Dakta ya tafi ya kai ƙara wajen dattawan unguwa. Bayan la'asar Alhaji Sharfuddeen, babbansu, ya zo da kansa. Aka gaisa, ya zauna a kan benci.

"Jumare, mu baƙi ne a garin nan. Ba shi dutsen, a zauna lafiya."

Jumare ya russuna, amma muryarsa ba ta yi ƙasa ba. "Allah ya ƙara girma, Baba. Baƙi ne mu, na yarda. Amma Ya'u ko karatu bai iya ba, ni ya amince wa. In na miƙa, gobe a takarda za a ce wani ne ya gano shi. Wallahi ba zan miƙa ba."

Alhaji ya tashi ba sallama. Sati biyu mutane suna gaishe da Jumare sama-sama a masallaci, har da masu cewa duwatsun sun taɓa masa kai. Abin ya yi masa ciwo, amma bai je ban haƙuri ba.

Rannan sai ga dakta ya dawo, yana gumi, da takarda a hannu. Ya yarda da ɓallin. Jumare ya sa tabarau ya bi layi-layi, ya tsaya.

"Yahu ka rubuta. Ya'u ne. Gyara."

Sai da ya ga an gyara an sa hannu, sannan ya ɗauko zarto.