Muryar Hajja Mairama

Shekara biyu na yi ina tattabara. Wasan katun ne na barkwanci, Tattabarun Jarwal, wato unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, ana nuna shi duk Alhamis. Ni nake yin muryar Hajja Mairama, tsohuwar tattabara mai faɗa da Larabci, in ranta ya ɓaci sosai ta juye Hausa. A bakin kakarmu na kwaso ta, har da gyaran muryar da take yi kafin ta ba da umarni. Daga baya tashar ta dakatar da wasan, na yi aure, na haifi Rumaisa.

Bayan shekara bakwai Muhannad, mai shirya wasan, ya kira ni. Wani kamfani ya sayi wasan, za a dawo da shi. Sai dai ɗaukar murya a Jidda ake yi, nesa da gida, kwana uku a mako. Rumaisa tana da asma, kuma ba wanda ya san canjin numfashinta kamar ni. Tun bai rufe baki ba na ce a'a. Ranar sai da na ƙona shinkafa.

Suka ɗauki ƙanwata Tahani. Muryarmu iri ɗaya ce, amma Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Rumaisa kuwa ta bi makaranta tana shela cewa Khalarta, wato ƙanwar mamarta, ita ce Hajja Mairama. Na ce mata ni ce ta farko. Ta dube ni kamar na ce na taɓa tuƙa jirgi.

Wata la'asar Tahani ta zo da takardun kashi na farko, ta zauna a kicin tana karanta min, Rumaisa na kan cinyarta.

"Yaya, saurara da kyau, in da gyara ki faɗa." Ta gyara murya irin ta kakarmu. "Mahadi! Mahadi, sauko daga kan tagar otal ɗin nan!"

Na tsayar da wuƙar da nake yanka albasa da ita. Mahadi ɗan farin Mairama ne. Kashi arba'in muka yi ba ta taɓa kama sunansa ba, don alkunya. Rabin dariyar wasan a nan take. Ko kyanwa ce ta biyo shi, sai dai ta tsaya tana ihu, "Kai! Kai wannan! Mai baƙin wuya!" duk tattabarun unguwa su waiga ban da shi. Sababbin marubutan yara ne, ba su san wannan ba.

Na dubi yadda 'yata ta ɗaga kai tana kallon bakin Tahani.

"Babu gyara," na ce. "Daidai ne."

Ranar da aka saki kashin, Goggo Kabira ta tara mu a gidanta bayan azahar. An dafa shayi da na'ana'a, tsofaffin unguwa sun cika falo, an ba Tahani kujerar tsakiya. Waƙar farko ta tashi. Mairama ta sauka a kan wayar lantarki, aka yi shewa. Sannan ta buɗe baki.

"Mahadi! Mahadi!"

Goggo ta ajiye kofinta.

"Wa ta kira?"

"Ɗanta, Goggo," in ji Tahani.

"Ɗan farin? Gatsau haka? La'ilaha illallahu. Wannan ai ba Mairama ba ce, wata 'yar Jidda ce ta sa gashinta."

Aka fashe da dariya, ba irin wadda Muhannad ya shirya ba. Wata tsohuwa ta ce ita shekara hamsin ba ta kama sunan nata ba, ga shi har ya yi furfura. Wata ta nuno ni da carbinta. "Ina Hadijatu? Lokacinta ai ba a yi mana wannan rashin ta-ido ba."

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya ratsa ni har yatsun ƙafa. Na sunkuyar da kai ina juya cokali a shayi. Tahani tana murmushin dole, idonta ya ciko.

Sai Rumaisa ta miƙe tsaye a gaban talbijin, da Hausarta mai gutsure-gutsure.

"Ba laifi Khala ba! Mama ta ji a kicin. Ta ce daidai."

Goggo ta juyo gaba ɗaya. Ta kafe ni da ido, kuma da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

"Yaya," in ji Tahani a hankali, "kin lura?"

Zan iya cewa hankalina yana kan girki. Amma yarinyar tana tsaye tana jiran amsata, kuma ban taɓa yin ƙarya a gabanta ba, ko a kan allura.

"Na lura."

Tahani ta ɗauki abayarta ta fita, ba ta sha shayinta ba.

A cikin tasi Rumaisa ta manne da ƙofa, ta ba ni baya. Muna tsaye a danja, motocin alhazai sun toshe hanya, na gyara murya na yi mata Mairama, ta gaske, da "kai wannan" da komai. Direban ma sai da ya yi dariya.

Ba ta waigo ba. "Ta Khala ta fi," ta ce da Larabci.

Na ciro wayata na rubuta wa Tahani ta turo min takardun kashi na biyu. Na ga alamar ta karanta. Har muka isa gida ina duba wayar.