Tsayin Tsuntsuwa

Ranar da aka zo aka shafa wa gidajen layin jan fenti, Inna ba ta yi kuka ba. Maƙwabta ne suka yi ta salati suna bin ma'aikatan da tambaya, aka ce titi za a faɗaɗa, katafila na nan tafe. Gidan dai bai dame ta ba, don ya gaji, ita ma ta gaji da tare yoyonsa da kwanoni duk damina. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ƙyauren ɗakinta.

Ƙyaure ne na katako mai kauri, wanda ya yi baƙi saboda hayaƙi da hannun mutane. In ka dube shi ta gaba, ba abin da za ka gani sai tsufa. A bayansa labarin yake. Maigidanta marigayi, mai gyaran keke, yana da wata ɗabi'a: lokaci lokaci sai ya jera 'ya'yansa, kowa ya manna baya da ƙyauren, ya ɗora masa tafin hannu a ka, ya ja zane da ƙusa. Kowane yaro da gefensa. Zanen babbar 'yar ya hau har kafaɗar Inna, na mai bi mata ya wuce kanta, na Auta kuwa sai da uban ya taka kujera.

Can gefen da ƙyauren ke maƙale da bango akwai wasu 'yan zane da suka taso daga ƙasa, suka zo daidai ƙugun Inna suka tsaya. Na Tsuntsuwa ne, 'yarta da zazzaɓi ya ɗauke kafin a haifi Auta. Surutu ne ya ja mata sunan. Ba ta da hoto, rigunanta an bayar tun da daɗewa, kabarinta ma ya ɓace a cikin kaburbura. Zane na ƙarshe a karkace yake, don yarinyar ta yi ɗage tana son ta cuci yayyenta, uban ya danna kanta yana ce mata ɓarauniyar tsayi, ta fashe da dariya, ƙusar ta goce. Bayan rasuwarta uban bai ƙara ambaton sunanta ba har ya bi ta, Inna kuma ta bi shirunsa. Sai dai kullum da safe, in za ta buɗe ɗaki, takan sa babban yatsa a kan karkataccen zanen nan kafin ta ja ƙyauren. Ba wanda ya taɓa lura, ita ma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Auta kafinta ne, a wajensa za ta koma, ɗaki ɗaya a gidan haya mai ƙofar ƙarfe. Da ta ce a tafi da ƙyauren, matarsa ta tambaya cikin ladabi ko a ina za a sa shi, kuma gaskiyarta ne, wurin ko akuya ba ta samu na kwanciya ba. In an jingine shi a tsakar gida, ruwa da gara su gama da shi, ko wata maƙwabciya ta wayi gari ba itace.

Ana cikin haka Ticha ya zo. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya ya ƙi zama, ya roƙi hukuma ta ba shi tsohon ginin gidan waya ya mai da shi gidan tarihi. Mutanen gari Sarkin Tarkace suke ce masa, yana kuma amsawa. Yana bin gidajen da za a rushe da baro, yana roƙon tsohuwar fitila, dutsen guga, sikelin awo, duk abin da mutane ke shirin zubarwa. Da ya ga bayan ƙyauren, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce wannan ba ƙyaure ba ne, gida ne guda a tsaye, in Inna ta yarda zai ajiye shi inda ruwa ba ya zuba, ta riƙa zuwa gani duk ranar da ta ga dama. Ta tambaye shi ko zanen zai zauna yadda yake. Ya ce ai don zanen yake so. A ranar aka ɓalle ƙyauren, Inna ta bi baron har bakin layi.

Gidan tarihin ba shi da komai sai Ticha da tsintsiyarsa. Don haka ya ɓullo da dabara: kowane abu a samu waɗanda za su ɗauki nauyinsa, a rubuta sunansu a ɗan allo a gefensa. Kai, mutum da son a ga sunansa! Teloli suka ɗauki tsofaffin tufafi, masu walda suka ɗauki kayan ƙarfe, direbobi suka ɗauki rufin ginin. Kayan katako suka faɗo wa ƙungiyar kafintoci, Auta kuwa ya buga ƙirji ya ce ƙyauren gidansu ba mai taɓa shi sai shi. Ticha ya faɗa masa aikin a fili: gara ta ci gindin ƙyauren, a yanke ruɓaɓɓen, a sa magani, a yi masa mazaunin da zai ɗaga shi daga ƙasa. Iyakar abin ke nan.

Inna ta ji daɗi da aka ce a hannun ɗanta yake. Sau da yawa, in ya dawo da yamma da garin katako a gashin kai, maganar kan zo mata har baki. Ta ce masa me? Shekaru sun shuɗe ba a faɗi sunan ba, har ya yi mata nauyi a harshe. Auta ya san an yi wata kafin shi, kamar yadda ake sanin an taɓa yin rijiya a bayan gida, amma bai wuce nan ba. Sai ta riƙa tambayarsa kawai ko ƙyauren na lafiya, shi kuma ya yi dariya ya ce ta bari dai ta gani.

Wanda bai san kafintoci ba ba zai gane ba. A wajensu abin kunya ne katako ya fita daga shago da kaushi. Duk abin da za a sa wa sunanka, sai ka shafa hannu ka ji ya yi sumul, in ba haka ba abokan sana'a su ce hannunka ya mutu. Ga shi masu walda sun goge sikelin awo har mutum na ganin haƙoransa a ciki, suna ta yi wa kafintoci tsiya wai za su kawo itacen girki gidan tarihi. Auta ya yanke gindin, ya sa magani, ya yi mazauni. Ya tsaya ya dubi baƙin ƙyauren nan da karce-karcensa, ya tuna duk gari za su zo su ce ga ƙofar gidan su Auta. Zuciyarsa ta ƙi. Ya ɗauko injin gogewa, ya bi da samfefa, ya shafa mai. Wallahi da ƙauna ya yi aikin, ko abincin rana bai tsaya ci ba.

Sai a safiyar buɗe gidan tarihin aka kawo ƙyauren, a naɗe cikin bargo. Inna ta sa tufafinta na fita, matar Auta ta riƙe mata hannu. An cika ɗakin, ana ta kallon fitilu da duwatsun guga ana cewa ka ga irin na kakarmu. Inna ta hango Ticha a kusurwa, ya kasa haɗa ido da ita. Daga nan gabanta ya faɗi.

Ƙyauren na tsaye a tsakiyar ɗaki a kan mazauninsa, an kewaye shi da igiya. Ja ne yanzu, yana sheƙi, kamar yau aka sare itacen. Mutane na ta sa wa Auta albarka. Inna ta zagaya bayansa. Ba komai. Ba na babbar, ba na mai bi mata, ba na Auta, ba karkataccen. Ta matsa har igiyar ta taɓa cikinta, ta karkata kai ta duba ta gefen haske, ko akwai ɗan saura. Sai fuskarta ta gani, dishi-dishi.

Auta ya zo yana murmushi, yana goge hannu a riga. Ya tambaye ta ko ta gane ƙyauren kuwa. Ya ce karcen nan sun ba shi wuya, musamman wani a ƙasa da ya yi zurfi, sai da ya sake binsa.

"Wanne ne a ƙasa?" ta ce.

"Wani karkatacce, Inna, ta wajen bango. Ina jin nawa ne ina ƙarami."

"Naka a ɗaya gefen yake."

"To na wa?"

Ta buɗe baki, sunan ya fito da ƙyar, kamar na baƙo. Ta faɗa masa a tsaye a nan, mutane na wucewa ta bayansu: yayarsa ce, ga yadda ta yi ɗage, ga yadda uban ya danna kanta, ga abin da ita take yi kullum da safe tun kafin a haife shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage shi ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Murmushin ya bushe a fuskarsa, ya dafa igiyar kamar za ta riƙe shi. Ya ce me ya sa ba ta taɓa faɗa masa ba. Ta ce ita ma abin da take tambayar kanta ke nan.

Ticha ya matso ya ce laifinsa ne, da ya leƙa shagon ko sau ɗaya. Jama'a suka yi ta raguwa, aka sha lemo a waje, shugaban kafintoci ya yi jawabi ana tafi. Inna na zaune a kan wani benci kusa da ƙyauren. Baƙin cikinta ya yi yawa har ba ta jin haushin kowa. Ji take kamar yau aka fita da yarinyar, kuma wannan karon ita ce ta miƙa ta da hannunta.

Da ɗakin ya zama ba kowa sai su, Auta ya dawo daga waje da ƙusa a hannu, idonsa jajur. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki nuna mini wurin, in mayar. Yadda yake zan yi shi, har karkatar."

Ya dubi Ticha. Dokar gidan ita ce ba a taɓa kaya, Ticha ne ma ya rubuta ta da hannunsa ya manna a bango. Amma Tichan ya je ya kwance igiyar.

Inna ta san ba zai zama zanen ba. Hannun uban ba ya nan, dariyar ba ta nan. Amma ko ba komai tsayin zai dawo, a san yarinyar ta kai nan. Ta tashi ta tsaya a bayan ƙyauren yadda ta saba, ta miƙa babban yatsa. Ya sauka a kan katako mai santsi, ta ji wurin bai yi mata daidai ba. A gida ƙyauren daga ƙasa yake farawa. Yanzu an yanke gindinsa, an kuma ɗora shi a kan mazauni. Ta tambayi Auta nawa ya yanke. Ya ce bai auna ba, ruɓaɓɓen ya bi har ya kai mai kyau. Guntun fa? Masu tara itace sun kwashe tun a ranar.

Ta ce ba komai, daidai ƙugunta ne. Ta dafa ƙugu, ta kai hannu jikin ƙyauren. Sai ta tsaya. Ƙugun wace shekara? Lokacin da aka ja zanen a miƙe take, yanzu bayanta ya ranƙwafa, jikokinta ma suna tsokanarta wai ƙasa take komawa. Kullum zanen ne ke tarar yatsanta, ba ta taɓa nemansa ba, shi ya sa ba ta taɓa auna shi da komai ba.

Auta ya ɗora bakin ƙusar kusa da yatsanta yana jira.

"Nan ne?"

"Ɗan sama."

Ya ɗaga.

"A'a, ya yi yawa. Ba ta kai nan ba."

Ya sauke. Ta duba, ta ga kamar ya yi ƙasa, yarinyar ai ta fi haka, har da ɗagen da ta yi. Yatsanta ya yi ta hawa yana sauka a kan katakon, yana barin ɗan gumi da ke bushewa nan take. Ticha ya juya ya kama gyara wata fitila da ba abin da ya same ta.

"Inna," in ji Auta a hankali, "ko'ina kika ce, nan ne."

Ta janye hannunta ta sa a cikin mayafi.

"Ban sani ba," ta ce. "Mayar da igiyar."