Ranar da Inna Habi Ta Hau Moto

"Riƙe shi da kyau, Inna! Zura hannuwanki ta ƙarƙashin hammatarsa, ki haɗe su a ƙirjinsa."

Ni ce nake wannan ihu a ƙofar gidan maƙwabcinmu, Baba Mainassara. Na riga na tayar da motonsa, wato babur, yana ta diri a ƙarƙashina, shi kuma tsohon yana zaune a bayana, goshinsa jingine da kafaɗata. Matarsa, Inna Habi, tana tsaye a gefe ta ciji bakin mayafinta, ta dubi titi ta hagu ta duba ta dama, wai ko akwai mai kallo.

"Shafa'atu," in ji ta, "yanzu duk garin Dakoro a rasa amalanke?"

"Amalanke, Inna? Sai dai ya isa likita gobe war haka. Ki hau don Allah, zai zame mini."

Daidai nan Baba ya yi ɗan nishi, ya karkata gefe kamar buhun hatsin da ba a ɗaure ba. Ai kuwa sai ta yi salati, ta tattare zani, ta hau. Na ji moton ya ɗan nutsa. Wallahi sai da na waiga, don ban yarda ba. Inna Habi a kan moto! Tun ina yarinya ake wannan rigima a gidan nan.

Ku tsaya ku ji asalin abin. Baba Mainassara makanike ne, a Yamai ya ƙare ƙuruciyarsa. A can akwai wasu masu hali da ke da ƙananan jiragen sama, irin masu cin mutum biyu, ba na aiki ba, na shan iska kawai ranar Lahadi. Yana gyara musu inji, su kuma suka koya masa tuƙi har ya samu takarda. Tun daga nan aka rasa gane kansa. In ba ya sama yana kan moto, in ba ya kan moto yana ba da labarin sama. Da girma ya zo ya dawo gida, jirgi ya yi masa nisa, sai wannan baƙin moto ya rage masa, kullum yana goge shi kamar za a kai shi biki. Shi ya koya mini tuƙi bayan rasuwar mijina, lokacin da na fara shiga rugage sayen cuku, busasshiyar madarar nan ta makiyaya. Mutanen unguwa suka yi ta ƙananan maganganu, wai mace da moto cikin daji, ya ce in toshe kunnena in kula da yashi.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya. Inna Habi ba ta taɓa zama kusa da shi cikin jirgi ba, ba ta kuma taɓa hawa bayansa a moto ba. 'Yar Roumbou ce, tarbiyyar da, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "Malam". A ce ta rungumi mijinta a tsakiyar titi jama'a na kallo? Gara ta taka da ƙafa har kasuwa, rana na dukan kanta. Shi kuma bai taɓa fasa tayi ba. Kowace safiya ta kan katanga nake jin su.

"Habi, zo in kai ki."

"Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Mu dai dariya muke yi. Sai da ciwon zuciya ya kwantar da shi a daminar bana, ƙafafu suka kumbura, aka kai shi Maradi aka dawo da shi da ledar magani da cewar sai addu'a, sannan na gane shi a wurinsa ba abin dariya ba ne. Wata rana na kai masa kunu, na tarar ya zura wa moton ido a inda yake jingine, ƙarƙashin dogon yaro.

"Shafa'atu," ya ce, "ni dai duk inda na ga abin mamaki, a sama ko a ƙasa, sai in juya in ce 'duba'. Sai in ga wurin zaman ba kowa."

Na ce kunun zai huce.

Daga nan ya ƙi likita ƙememe. Ɗansa Yazidu ya yi ta kira daga Maradi yana roƙo, a banza. Shi ya sa gabana ya faɗi da Inna ta leƙo ta katanga bayan la'asar ta ce Malam ya ce a kai shi likita, wato asibiti, yanzu-yanzu, a motonsa, kuma ni zan tuƙa. Kowa ya san yadda ake kai mara lafiya a moto a ƙasar nan: a sa shi a tsakiya, wani nasa ya zauna a baya ya riƙe shi. Wannan ba kunya a cikinsa, ko liman ya gani sai dai ya ce Allah ya ba da sauƙi. Gidan kuwa ba kowa sai ita.

Muka fita daga lungu a hankali. Masu zama a bakin shagon tela suka miƙe suna "Allah ya sawwaƙe", Inna ta ja mayafi ta rufe fuska har hanci. Ina jin dunƙulen hannuwanta a bayana, ta matse shi tamau. Da muka iso mararraba na karkata kan moto wajen likita, sai na ji muryarsa cikin kunnena.

"Miƙe."

"Baba, likita ta nan take."

"Na san inda take. Miƙe, ɗiyata. Tudun Intalla za mu."

Na taka birki muka tsaya cak. Tudun Intalla na san shi sarai, yana kan hanyar Bader Goula, kusa da rijiyar wani tsohon makiyayi mai wannan suna. A can Baba ya koya mini gangara. Nan take na gane komai, har da nishin da ya yi a ƙofar gida, raina kuwa ya ɓaci ƙwarai.

"Kai, Baba! Wato dabara ce? Ka rasa wanda za ka jefa cikin wannan sai ni? In wani abu ya same ka a daji, me zan gaya wa Yazidu?"

"Ki ce mishi tsohonshi ya yi miki wayo."

"Mi yake cewa?" in ji Inna daga baya. "Don mi muka tsaya?"

Na gaya mata, ban rage komai ba. Wani jaki ya wuce mu da kayan harawa, muna nan tsaye a gefen titi kamar waɗanda isansi, wato mai, ya ƙare musu. Na ji hannuwanta sun fara sassautawa.

"Habi," ya ce, numfashinsa yana yankewa, "in kin sauka faɗuwa zan yi. Wannan kam ba ƙarya ba ce."

"Tsoho da kai, Malam, ba ka jin kunya."

"Na bar miki ita duka."

Ta yi tsaki. Ni dai ina jira ta ce mu koma, har na fara juya kan moto. Sai na ji dunƙulen hannuwan nan sun sake dannuwa a bayana.

"Bi inda ya ce, Shafa'atu. Amma a hankali, kin ji ko?"

Da muka bar gidajen ƙarshe sai duniya ta buɗe. Kaka ta yi, hatsi ya nuna, zangarniya ta sunkuyar da kai dama da hagu, ana jin ƙamshin ɗanyen kara da na ƙasar da ta sha ruwa. Ranar ta yi sanyi, haskenta ya koma kamar man shanu, ya kwanta a kan komai. Na sha bin hanyar nan da buhun cuku a baya, hankalina na kan rami da ƙaya, ban taɓa ganin ta haka ba. Moton ma ya rage kuka, sai ka ce ya gane mai shi. Can wasu 'yan mata masu tsinkar wake suka ɗago suka bi mu da kallo, ban ji Inna ta ja mayafi ba.

Muka hau tudun da ƙyar, inji yana gurnani. A ƙololuwa na tsaya. Jar hanya ta miƙe a gabanmu ta gangara zar, doguwa, ruwan damina ya daddale ta. Ƙasa can kwarin ya shimfiɗu kore shar, ga gonaki kamar an jera tabarmi, ga tabki yana ƙyalli, ga garke an koro shi.

"Kashe inji," ya ce.

Na kashe. Shiru ya rufe mu, sai iska.

"Haka ake yi in za a sauka. A bar ƙarfi, a ba iska amana. Habi, buɗe idonki."

"Wa ya ce maka na rufe?"

"Na san ki. Buɗe. Shafa'atu, saki birki."

Na yi bismilla na saki.

Da farko moton ya mirgina a hankali, ƙafafunsa suna murƙushe tsakuwa. Sai ya ɗauki gudu, ƙarar tsakuwar ta ɓace. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba inji, ba jijjiga, sai iska ta cika mini riga, cikina ya yi sakayau, hanyar ta daina taɓa mu. Na rantse a lokacin ban ji nauyin mutum uku ba. Kwarin ne yake tasowa wajenmu sannu-sannu, itatuwa suna girma, mu kuma muna rataye tsakanin sama da ƙasa. Wasu balbelu suka tashi daga bakin tabki, kuma a ƙarƙashinmu suka tashi, muna ganin farin bayansu.

"Wayyo Allah!" in ji Inna. "La'ilaha illallahu! Wayyo, mayafina!"

Sai kuma na ji abin da ban taɓa ji ba tun da nake: Inna Habi tana dariya da ƙarfi, baki buɗe, kamar yarinyar da aka ɗora a lilo.

"Malam, duba! Duba tsuntsayen can, muna bisansu! Duba shanu, kamar wake a faifai! Malam, duba mana!"

"Na gani, Habi," ya ce. "Na gani."

Hawaye suka cika mini ido, iska tana kwashe su zuwa kunne, ga shi ba halin in saki hannu in share. Farin ciki nake yi ko tsoro, oho, duka biyun ne.

Gangaren ya ƙare, moton ya ci gaba da mirginawa a kan fako, yana rage gudu da kansa, har ya zo ya tsaya a inuwar wani gawo. Na sa ƙafafuna a ƙasa. Goshin Baba yana nan a kafaɗata, amma ya yi wani nauyi da ba shi da shi a da. Na kasa kunne in ji numfashin nan mai yankewa da ya raka ni tun daga gida. Sai kukan kurciya kawai.

"Inna," na ce.

"Na sani." Muryarta a kwance take. "Hannuna na kan zuciyarshi, na ji sa'ad da ta tsaya. Na yi mishi kalmar shahada a kunne, ya karɓa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Bari in sauka mu kwantar da shi."

"A'a. Kada ki motsa tukuna."

Muka zauna haka, mu uku a kan moto, rana tana sauka. Ni ina kuka har da shessheka, ita kuwa ta ɗora kuncinta a bayansa tana kallon tudun da muka gangaro. Da ta ga dama, ta ce in tayar mu tafi gida, ita za ta riƙe shi.

Haka muka shiga gari gab da magariba, ta gaban masu shayi, ta gaban masu alwala a ƙofar masallaci. Mayafinta ya tafi da iska tun a gangare, sai ɗankwali. Ta rungume mijinta da hannu biyu, fuskarta a buɗe, ba ta sunkuyar da kai ga kowa ba.

Da safe Yazidu ya iso aka kai Baba makwancinsa. Na tare Yazidu a zaure, na ce duk abin da zai yi mini ya yi, ni na kauce da mahaifinsa daga hanyar likita. Ya saurare ni har ƙarshe, idonsa jajir.

"Yaya Shafa'atu," ya ce, "da gaske ta hau?"

Na ce ta hau, har ta yi dariya. Sai ya dafa bango ya fashe da kuka.

Ya so ya tafi da moton Maradi, Inna ta ce a bar shi inda mai shi ya saba ajiye shi. Yana nan ƙarƙashin dogon yaro, an kafe shi da ƙafarsa ta tsakiya. Jiya da hantsi na leƙa ta katanga in tambaye ta ko tana son cuku, sai na fasa magana. Tana zaune a kansa cikin kayan takaba, can ƙarshen baya, faifai a cinya tana tsintar wake. A gabanta ta bar wurin zaman mutum ɗaya.