Keken da Ba a Zo Ɗauka Ba

Ranar Litinin ɗin da aka ce mu buɗe shaguna bayan kullen annoba, tun bakwai da rabi nake tsaye a bakin nawa ina kokawa da kwaɗo. Wata biyu da rabi ba a taɓa shi ba, sanyin garinmu Kastoriya ya ƙame shi ƙam. Sai da maƙwabciyata Fotini mai burodi ta kawo ruwan zafi a buta muka kwarara masa.

"Evantiya, yau hankalinki ba ya jikinki," in ji ta.

"Sanyi ne."

"Sanyi, ko? To, Allah ya kawo rani."

Na yi banza da ita na shiga. Komai yana inda na bar shi, gadajen jarirai, 'yan riguna, kwalaben madara, sai dai ƙura. Ban ma cire rigar sanyina ba na zarce ɗakin baya, kamar wani zai ce mini ya ɓace. Yana nan. Keken tura jariri, kore mai duhu, takardarsa na rataye a hannunsa.

Dokoki biyu na gada daga mahaifiyata tare da shagon nan. Ta farko kowa ya san ta: keke ba ya shiga gidan mai ciki sai an sauka lafiya. A zaɓa, a biya, mai saye ya rubuta suna a takarda mu rataya masa, ya jira a ɗakin baya. Ta biyun tamu ce mu masu shago: ba ma neman kowa mu ce ya zo ya ɗauki kayansa, don ba ka san halin da za ka tarar ba. In shirun ya yi yawa, ka cire takardar kawai, ka ja bakinka. Sau huɗu na yi haka cikin shekara ashirin da shida, kuma har yau ina riƙe da sunayen duka huɗun.

Kekuna bakwai kullen ya ritsa a ɗakin. Shida an karɓe su ta ƙofar baya. Uban jariri ya bugo waya, ɗana ya je ya miƙa masa, don ni mai ciwon sukari ce, ko bakin titi ba a bari na leƙa ba. Na bakwai shiru. A jikin takardar an rubuta: Stergios, layin bayan coci, Apozari, tsakiyar Disamba. Lokacin da ake sa ran haihuwar ke nan, ga mu yau sha takwas ga Janairu.

Baba Stergios da kansa ya zo a ƙarshen Oktoba, shi kaɗai. Tsohon maɗinkin rigunan fata ne. Ya kusa awa guda yana juya rumfar keken ciki da bai, yana bin ɗinkin da babban yatsa, yana zagin waɗanda suka yi shi.

"Wannan ɗinki ne ko wasan yara?"

"Baba, in bai yi maka ba, ga ƙofa nan."

"Shi zan saya. Amma ki sani ban yaba ba." Sai ya sassauta murya. "Na 'yata ne, Despina. Shekara tara da aure, sai bana Allah ya duba ta. Kada kowa ya ji. Ranar da za a sallamo su daga asibiti ni zan turo shi har ƙofar gida, ta ga tsohon nata bai gama aiki ba."

Ana gobe za a rufe gari ya dawo da shimfiɗar fatar ɗan rago, fara sol, ya ɗinka ta daidai cikin keken, da jan zare a gefe. Shi ya shimfiɗa, shi ya gyara, ya ce kada na taɓa.

Shekara tara. Abin da ya yi ta yawo a kaina ke nan duk safiyar. Na goge kanta sau uku. Na sauya wa safa wuri, na dawo da su inda suke. Masu saye suna shigowa ɗaya bayan ɗaya yadda aka ce, kowa da takunkumi a fuska, kuma babu mai son rigar sabuwar haihuwa, don 'ya'yan kulle duk sun wuce ta tun a ɗaka. Wata kaka ta nuna mini hoton jikanta a waya, na tofa sau uku don kauda baki, na manta da takunkumin. Ta yi ta dariya. Ni kuwa duk motsin ƙofa sai na ɗaga kai, in ga ko hular tsohon ce.

Wajen sha biyu Lambros direban tasi ya faɗo, ido ja wur don rashin barci. Matarsa ta haihu shekaranjiya.

"Allah ya raya," na ce.

"Amin, Inna. Keke nake so, yau ɗin nan."

"Babu. Motar kaya sai ƙarshen wata, in ma ta zo."

Ya miƙa wuya ta ƙofar ɗakin baya da na bari a buɗe. "Wancan fa?"

"Da mai shi."

Kafin in hana shi ya shiga ya karanta takardar. Ya ɗago kai. "Inna, tsakiyar Disamba fa. Da da labari mai daɗi ai da sun zo. Ke ma kin sani."

Raina ya ɓaci, don abin da nake ta gudun faɗa wa kaina ne ya faɗa. "Wa ya tambaye ka? Ɗanka kwanansa biyu a duniya, ba zai leƙa titi ba sai ya yi arba'in. Gaggawar me kake yi, tseren mota za ku shiga?"

"Surukata ce ta sa ni gaba."

"Ka dawo gobe. In ka tarar babu takarda a jikinsa, naka ne."

Ya fita. Na koma ɗakin na kama zaren takardar, almakashi a hannuna. Na ajiye. Na sake ɗauka. Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan. Gani nake in na datse zaren nan, ni ce na ce yaron bai rayu ba.

Ƙarfe biyu na rufe don hutun rana, na turo keken waje. Fotini ta fito da gari har gwiwar hannu.

"Ina za ki da shi?"

"Unguwar Apozari."

"Da mahaifiyarki na raye da ta ci mutuncinki."

"Da ta yi. Matsa mini."

"Haka za ki tura shi babu kowa a ciki? Ashe kan naki ya taɓu a kullen nan." Ta koma ta ɗauko burodi guda mai zafi, ta naɗe a tawul, ta kwantar a kan fatar. "Yanzu je ki. In kin ga ba daidai ba, ki juyo, kada ki ƙwanƙwasa."

Na bi gefen tafki, iska na yankan kunne. Daga nan hawa ne, duwatsun titin sun yi santsi, ƙafafun keken na karkarwa. Mata biyu suka leƙa ciki za su yi mini barka, suka ga burodi, suka wuce suna waiwaye. Kowane turken lantarki ya cika da takardun sanarwar mutuwa, wata a kan wata, ban taɓa ganin yawansu haka ba. Na sunkuyar da kai. Sau biyu na tsaya da niyyar komawa.

Da na kai cocin na jingine keken a bayan katanga, inda ba za a hango shi daga gidajen ba. In mugun labari ne, ba zan kai masu koren keke ƙofa ba.

Wani mai share ƙanƙara ya nuna mini gidan da tsintsiyarsa. Tun daga nesa na hango farar takarda mai baƙin gefe manne a ƙyauren. Na matsa kusa. Numfashina ya turnuƙe tabarau, ba na ganin komai, na cire na goge da gefen gyale.

Hoton Baba Stergios ne, da hularsa. Shekara saba'in da takwas. Sanarwar addu'ar arba'in ɗinsa ce, ita ma har ta wuce. Duk tunanin da na yi wata guda, ko sau ɗaya bai zo mini cewa shi ne ba zai zo ba.

Na ɗaga kai. A igiyar baranda akwai 'yan safa shida, kowace ba ta fi babban yatsana ba, sanyi ya sandarar da su. Daɗi ya kama ni a gaban hoton mamaci, sai kuma kunya ta biyo.

Na koma na turo keken, na ƙwanƙwasa. Wata mata ta buɗe cikin baƙaƙen kaya, jariri a kafaɗarta. Ba ta tsallako dokin ƙofa ba.

"Ke ce Despina? Ni ce Evantiya, mai shagon kayan jarirai na kasuwa. Allah ya jiƙan Baba. Allah ya raya wannan."

"Amin." Ta dubi keken. "Inna, ina jin kuskuren gida kika yi. Mu ba mu sayi keke ba. A kwandon wanki yake kwana."

"Na san ba ku saya ba."

Na ɗauke burodin. Ta ga fatar. Ta sa hannu ɗaya ta juyo gefenta, ta bi jan zaren da babban yatsa, yadda uban ke yi, har ta kai ƙullin ƙarshe. Ta daɗe a wurin.

"Kwana tara ya rage in haihu ya tafi," ta ce. "Ta waya muka yi sallama. Ya ce akwai abin da ya ajiye wa yaron, numfashi bai bar shi ya ƙarasa ba. Babu inda ban birkita ba a gidan nan."

Na ɗaga ƙafafun gaba, muka shigar da shi zauren. Ta kwantar da yaron a kan fatar. Ya yi 'yar miƙa, ya tusa kumatu cikin gashin, bai ko farka ba.

Na ciro almakashi daga aljihu, ashe tun daga shago yake tare da ni, zan datse takardar.

"Kada ki cire, Inna," in ji Despina. "Rubutunsa ne."