Allurar da Ta Shiga Jikin Dodo

A Madawa in an ce Dodo, ba a ƙara bayani. Mahauta sun ce wuƙa kan lanƙwashe a cikinsa kamar ganyen rama. Mutanen Buza sun ce a gabansu ya tauna reza ya kora da fura. Wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, ya rantse takobi ya karye a wuyansa a Keita, ko da yake da aka matsa masa ya ce ƙaninsa ne ya gani. Matarsa Jaratu ce kaɗai ba ta da labari. In an ɗauko zancen taurin mijinta, sai ta ci gaba da tankaɗenta.

Amma a 'yan shekarun nan, tun wajen samun 'yancin kai, jikin Dodo ya sauya. Fatarsa ta dushe ta yi kalar gindin tukunya, gefen cikinsa na dama ya ɗaga, gaɓoɓinsa na ciwo. Shi dai cewa yake ƙarfe ne ke zama daram.

Ran kasuwa, yana zaune a maƙerar abokinsa Maiguwa, aka kawo labari. Wai Baturen lokotoro, mai duba marasa lafiya, da ya zo likita, wato asibitin garin, bayan damina ya zo da maganin ƙarfe cikin 'yan kwalabe, har yana neman mutanen da zai gwada a kansu.

"Maganin ƙarfe?" in ji Dodo. "Cikin garinga? Ni mutuwa na yi ba a gaya mini ba?"

Ya miƙe ya nufi likita, rabin kasuwa na biye. A hanya numfashi ya riƙa ƙwace masa, sai ya tsaya ya gaisa da mutanen da ko sanin su bai yi ba.

Mutari mai allura, wanda kuma shi ke yi wa lokotoro tafinta, ya tare shi a bakin ƙofa.

"Baba Dodo, lahiya da jama'a haka?"

"Kira mini mai maganin. Mu ga nashi, shi ga nawa."

"Ai ba irin naku ba ne, Baba. Naku hana ƙarfe shiga yake yi. Wanga hidda shi yake."

"Hidda shi daga ina?"

"Daga cikin mutum."

"Wa ya sa shi ciki?"

"To, abin da lokotoro ke bincike ke nan. Shigo."

Lokotoron siriri ne, kunnuwansa jajaye. Ya kwantar da Dodo a kan gado, ya duba idonsa da tafin hannunsa, ya danna gefen cikin. Dodo ya cije haƙori. Baturen ya yi wata doguwar magana da Faransanci, fuskarsa sai haske take kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Mi ya ce?"

"Ya ce in dai abin da yake zato ne, tun zuwanshi bai ga mai ƙarfe a jiki kamarka ba."

Dodo ya tashi zaune ya leƙa ta taga. "Kun dai ji! Bature ma ya shaida!"

Waje ya ɗauki sowa. Mutari ya jira ta lafa, sannan ya rage murya.

"Ban ƙare ba, Baba. Ya ce ƙarfen ne ke cin hantarka. Kuma shina tambaya, har yanzu kana shan ruwan nan da Maiguwa ke kashe ƙarfe a ciki, wanda kake jiƙa tsatsa da saiwoyi?"

Wannan jiƙon uban Dodo ne ya ba shi tun yana saurayi, kullum da safe ƙoƙo guda. Maiguwa kansa ya ɗauka wanka yake yi da ruwan. Mutum ɗaya ne a duniya ya san sha yake.

Ya waiwaya. Ga Jaratu zaune a kan benci bayan ƙofa, hannuwanta a cinya. Ashe ta riga shi zuwa.

"Ke ce?"

"Ni ce, maigida. Shekaranjiya na zo."

"Asirin ubana kika ɗauko kika zube gaban Nasara? Tsohuwar banza, mai bakin ganga! Yau ki tattara komatsanki, ki koma Sabon Gida wurin danginki!"

"To," in ji Jaratu. "A yi allurar tukuna."

"Wace allura?"

Mutari ya yi bayani dalla-dalla, yadda lokotoro ya umarce shi. Maganin sabo ne, ana kan gwada shi, ba a yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Allura ce a ɗuwawu. Maganin ya bi jini ya kama ƙarfen, su fito tare cikin fitsari. Za a tara fitsarin a kwalba har la'asar, a auna, a aika sakamakon Yamai. In bai yarda ba, ba dole.

Amma kalmar ta riga ta fita ta taga.

"Allura za a yi wa Dodo!"

"Wallahi karyewa za ta yi!"

"Ku matsa in gani!"

Dodo ya dubi tagar. In ya ƙi, za a ce ya ji tsoro. In ya yarda ta shiga, sunan da ya tara tun ƙuruciya ya tafi. Ya yunƙura zai tashi ya fice abinsa, sai ciwon nan na gefen ciki ya soke shi, har ya dafa bango. Ya daɗe a haka.

"A rufe tagar," in ji shi.

Wuƙa ya san ta. Ya san gefen da ke ci da wanda ba ya ci, ya san yadda ake jan ta a fata a yi ƙara ba a yi rauni ba. Allura kuwa ba ta da gefe. Tunda aka haife shi ba a taɓa yi masa ba. Da ya ga Mutari ya ɗaga ta sama yana ɗan matsawa, sai ya laluba ya damƙe abin da ke kusa, bai ma lura wuyan hannun Jaratu ba ne.

Allurar ta shige kamar cikin man shanu.

"Wayyo inna!"

Waje ya yi shiru. Dodo ya kifa fuska a gado, ya san ta ƙare.

Jaratu ta zare hannunta a hankali. A kan tebur akwai wani faranti da Mutari ke jefa tsofaffin alluran da suka lalace a ciki. Ta tsinci wadda ta fi lanƙwashewa, ta buɗe taga, ta ɗaga ta.

"Ga ta farko."

Aka barke da kabbara.

"Ta biyu fa, Gwaggo?" wani mahauci ya tambaya.

"Ta biyun sai da lokotoro ya roƙe shi, sannan ya ba ta izini."

"To wa ya yi kuwwa?"

"Mutari. Hannunshi ya gurɗe."

Mutari ya dubi Jaratu. Ya kama wuyan hannunsa ya fara murzawa.

Jama'a suka watse da sabon labari, kowa na sauri ya riga wani kai shi kasuwa. Dodo ya wuni a inuwar bayan likita da kwalbarsa, zama a ɗuwawu ɗaya. Jaratu ta kawo masa ruwa, ya karɓa bai dube ta ba. Da la'asar ya miƙa kwalbar yana kau da kai. Abin da ke ciki ya yi ja kamar zoɓo.

"Jini ne?"

Lokotoro ya ɗaga ta a hasken rana yana murmushi, kamar an ba shi turare.

"Ya ce ba jini ba ne," in ji Mutari. "Ƙarfenka ne."

Dodo ya ƙura wa kwalbar ido. "Shi ke nan duka?"

"Somin taɓi ne, Baba. Za ka riƙa dawowa. Jiƙon kuwa an bar shi daga yau."

Jaratu ta miƙe ta gyara lulluɓinta. "Bari in wuce. In ban ɗaure kaya yanzu ba, motar Sabon Gida za ta bar ni."

Dodo ya yi wani ɗan gunaguni cikin gemu.

"Na'am?"

Ya sake, ƙasa-ƙasa.

"Kunnen tsohuwar banza ne, maigida. Bai ji."

Dodo ya dubi Mutari, Mutari ya dubi sama. Baturen na tsaye rungume da kwalba, yana jira a fassara masa. Dodo ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda yakan yi in zai yi kirari.

"Jaratu, na yi miki laihi. Ki yi haƙuri, ki yafe mini."