Bargon da Inna Ta Manta a Tarai

Duk wanda ya fito daga tsatson Inna Fanta yana da bargonsa na ƙyallaye, 'ya'ya da jikoki har da surukai. Ni 'yarta Mas'uda ni ce mai kawo mata kayan aiki, domin ina da shagon ɗinki a cikin garin Rano. Duk guntun atamfa ko shadda da ya faɗo daga almakashina sai in jefa a buhu, ranar Juma'a in kai mata ƙauyenmu Lausu. Ita ba ruwanta da keke. Ta miƙe ƙafa a tabarma da allura da zare, ta jera ƙyallayen, ta sa tsofaffin zannuwa biyu a ciki don ya yi kauri, ta bi shi da ɗinki ƙanana-ƙanana kamar sawun tururuwa.

Mutum ɗaya ce ba ta da shi, Yaya Ramlatu, 'yar farin Inna.

Mu Fulanin gida ne. Fulatancin ya kusa ƙare mana a baki, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Tun da aka yaye Yaya kakarmu ta ɗauke ta. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta miƙa mata abu hannu da hannu. In maganarta ta kama sai ta ce "mutanen Tarai", don a can ƙasar Kibiya Yaya take aure. Shekararta arba'in da shida, ta aurar da 'ya, amma har yau mutanen Tarai ce.

Wata rana Yaya ta zo shagona ta tarar ina naɗe bargon da Inna ta yi wa autana. Ta karɓa, ta shafa, ta juya bayansa tana duba ɗinkin.

"Har wannan da ko zama bai iya ba ya samu nasa," in ji ta. "Mu dai 'yan kallo ne."

Ta yi dariya, amma irin wadda ta fi kuka ciwo. Wallahi raina ya ɓaci. Juma'a na zagayowa na dire buhu a gaban Inna na ce, "Inna, tsakaninki da Allah, ita Yaya ba ta jin sanyi ne?"

"Ke dai bakinki ba linzami," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tashi ki ba ni wuri, mara kunya."

Na tashi ina ƙunƙuni. Bayan sati biyu sai ga Inna tana tonon buhu kamar kaza.

"Koriyar atamfar nan mai ganye-ganye, babu saura?"

Ankon bikin Saudat ne, 'yar Yaya. Na ce akwai, wa za a yi wa?

"Na baƙi ne."

"Baƙin nan gadonsu babba ne ko ƙarami?"

"Oho. In hanya ta bi da ke ta wajen Tarai, irin gadajen can ne."

Ai ban jira hanya ta bi da ni ba, washegari na hau mota. Ina durƙushe ina auna gado da tef a ɗakin Yaya ta shigo ta kama ni. Na shirga mata ƙarya cewa zanin gado wata ta ba ni ɗinki. Baiwar Allah har ta riƙe mini ɗaya bakin tef ɗin.

Wata huɗu Inna tana kansa. Ban taɓa ganin ta warware ɗinki ba sai a wannan bargon. Ta yi layi, ta ɗaga shi a rana, ta tsuke baki, ta farke, ta sake. Ya kammalu a tsakiyar bazara, daidai lokacin da Saudat ta haihu a gidan Yaya, inda ta je goyon ciki.

Muka tafi suna, Inna da ƙullin bargonta a ka. Mata suka yi ta tsiya: "Inna, bargo a wannan zafin?" Ta ce tsufa ne, da asuba ƙafafunta sanyi suke yi. Ranar da za mu dawo ta ninke shi ta ajiye a kan gadon Yaya. Sai da mota ta yi nisa ta dafe ƙirji.

"Af! Na manta bargona. To, ya zauna can."

Har muka iso Lausu tana murmushi ita kaɗai. Na kwana a gida, ina cewa a raina an gama.

Da hantsi muka ji mashin ya tsaya a ƙofar gida. Malam Ishiyaku ne, mijin Yaya, da ƙunshi a ɗaure a baya. Ya durƙusa daga zaure ya gaishe da Inna, ita kuma ta amsa daga bayan ƙyaure.

"Mantuwa aka yi," in ji shi. "Ta ce in kawo da wuri, kada ƙafafun Inna su yi sanyi."

Yana tafiya na faɗi a tabarma ina dariya har da hawaye. Inna ta zauna da bargon a cinya, ta yi tagumi.

"Kai, mutanen Tarai! Hankalin ma in ya yi yawa ai ɓarna ne."

Na ce, "Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Bari in buga mata waya in faɗa mata."

"Kul!" ta ce. Sai ta jawo mayafinta. "Tashi ki raka ni."

Bayan azahar muka isa, rana kamar ta fasa kai, gida cike da ragowar 'yan suna. Inna ba ta tsaya shan ruwa ba. Ta wuce ɗaki, ta warware bargon, ta shimfiɗa da hannunta. Ya zauna wa gadon cif, ko ɗan yatsa bai ragu ba. Yaya ta biyo mu a ruɗe ta tsaya, tsakaninta da Inna bai fi kamu biyu ba. Inna ta dube ni.

"Mas'uda, ki gaya wa mutanen gidan nan, abin da aka manta da gangan ba a mayar da shi."

Yaya ta dubi korayen ƙyallayen, ta dubi yadda bargon ya bi gadon, ta dube ni, na san ta tuna tef. 

"Mas'uda," ta ce da ƙyar, "ki tambaya mini, na waye?"

"Ni fa ba 'yar aike ba ce! Ga ki, ga ta, a ɗaki ɗaya!"

Inna ta sunkuya tana gyara kusurwar da ba ta karkace ba. Ta ce da bango, "A kan gadon wa yake?" Ta fice tsakar gida da sauri kamar an koro ta.

Yaya ta kifa fuska a bargon ta yi kukanta mai isarta, ni ma na taya ta. Can ta miƙe, ta yaye shi daga gadon, ta lulluɓa tun daga ka har ƙafa, ta fito cikin mata a ranar nan mai ƙuna. Gumi yana tsiyaya a haɓarta, tana tafe tana juyi. Saudat ta leƙo da jariri a hannu.

"Umma, lafiya? Zazzaɓi kike ji?"

"Lafiya lau," in ji Yaya, da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji. "Innata ce ta ɗinka mini."

Guɗa ta tashi. Inna tana can gindin rumbu ta ba mu baya, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Har aka kira la'asar Yaya ba ta cire shi ba.