Farin Awarwaron Tapoti

A cikin 'yan fim ɗin Kalkata na wancan zamani, Tapoti Maitra tana cikin 'yan ƙalilan da ba a yi musu aron murya. Wasu matan sai su yi ta motsa baki a gaban kyamara, wata na can tana rera musu. Ita kuwa da bakinta take waƙa, da fuskarta take wasa. Sai dai shekaru ba ruwansu da wannan. Yara sabbin jini suka cika sutudiyo, daraktocin da a da suke yini a ƙofar gidanta suka koma gaishe ta daga nesa. Shi ya sa da darakta Sukhen-babu ya zo mata da labarin wata mawaƙiya da mijinta ya mutu, ta karɓa tun ba ta shawarci kowa ba.

A gida kuwa aka sha daru. Mijinta Nirod, wanda ya koya mata waƙa tun tana budurwa, ciwon zuciya ya kwantar da shi, ko akwatin kiɗansa ba ya iya taɓawa. Aiki ɗaya ya rage masa. Kullum da safe in ta yi wanka sai ta durƙusa a bakin gado, ya lakato jan garin sindur, alamar matar da mijinta ke raye, ya shafa mata a tsagar kai, ya ce, "Je ki, na sabunta miki lasin."

Mahaifiyarsa ce ta ƙi. Tsohuwar ta san takaba ciki da bai, tun mutuwar nata mijin ba ta ƙara ɗaura sari mai launi ba, ba ta ƙara sa kifi a baki ba.

"Bouma," haka take kiran matar ɗanta, "mijinki na kwance, ke kuma ki je a goge miki jan kai, a fasa miki awarwaro a gaban jama'a? Ai kiran abin kike yi."

"Ma, wasa ne fa. Na bogi za a fasa. Nawa zan tura su sama in rufe da gefen sari, jan kuma in bar ɗigo ƙarƙashin gashi. Duk matan aure haka suke yi a can."

"Taɓa ƙafata ki faɗa."

Ta sunkuya ta taɓa ƙafar tsohuwa ta faɗa. Da zuciya ɗaya ta yi, don farin awarwaron koɗin nan da hannunsa Nirod ya zura mata bayan ɗaurin aure, kuma ba a raba mace da shi sai ranar da aka ɗauki gawar miji.

Ranar ɗaukar wurin, na bogin suka ba da kunya. Na alli ne aka shafa wa fenti, da an buga a dutse sai su ruɓushe su zama gari, ba ƙara ba komai. Aka sake, aka kuma sakewa, fitilu na gasa mutane. Sukhen-babu ya jefar da hularsa.

"Wannan takaba ce ko dakan gero? Kyamara tana kan hannu fa, ko yaro ya gani ya san ƙarya ce." Ya juyo wajen Tapoti yana murmushi, ya kira ta da Didi, wato Yaya. "Ba komai, Didi, ba na takura wa matar aure. Mu ɗauki hannun wata yarinya, fuskar ma in ta kama a rage ta. Waƙar sai a sa daga nesa."

Gaskiya dai a faɗe ta, bai roƙe ta ba. Babu wanda ya matsa mata. Ita da kanta ta janye gefen sari, ta sauko da nata zuwa wuyan hannu, ta ce wa mai kwalliya ta goge ɗigon da ke ƙarƙashin gashin ma, don kyamara za ta bi ta baya.

Aka buga hannunta a dutse, koɗin ya yi ƙas. Don hawaye su zo sai ta kawo Nirod a ranta, ta kwantar da shi a makara, ta lulluɓe shi da furanni, ta bar tafin ƙafarsa a waje. Ta buɗe baki, muryar ta hau inda ta yi shekaru tana tsoron hawa, ta zauna daram. Masu riƙe fitila suna share ido. Abin da ya fi cin ranta daga baya shi ne, a daidai lokacin daɗi ta ji, daɗi sosai.

A hanyar gida ta tsaya a shagunan bakin wurin bauta ta sayi sababbi, ta sa mai shagon ya zura mata, ta shafa sindur tana duba madubin mota. Ta tarar da tsohuwa a kicin, ta gaishe ta hannu a cikin sari, ta wuce ɗaki da sauri. Nirod na nan da ransa, yana kallon fanka.

Ya kama hannunta kamar yadda ya saba, yatsansa ya bi awarwaron yana neman wata 'yar ɓantara da tsohon yake da ita. Bai samu ba. Sai ya tambaye ta.

"Waƙar ta fita?"

"Ta fita."

"Har hawan nan?"

"Har shi."

"To, ba a yi asara ba. Miƙo min man nan, ki ɗebo kurkur kaɗan, kada Ma ta gan ki."

Ya zauna yana haki, yana murza man da kurkur a jikin koɗin har farinsa ya dushe ya yi kama da tsoho. Da ma zaginta ya yi, da ta samu sauƙi.

"Ke da ba kya iya kuka sai an sa miki magani a ido," in ji shi, "wa kika tuna?"

"Mahaifiyata."

Ya yi 'yar dariya. "Baiwar Allah, tana kabari ma ba ku bar ta ta huta ba." A wajensu ƙona gawa ake yi, ya san haka, ita ma ta sani, tsokana ce kawai. Ta kasa haɗa ido da shi.

Fim ɗin ya fito da bikin kaka, ya kuwa karɓu. Duk rumfar biki ka bi, waƙar Tapoti ce a lasifika, daraktoci suka dawo ƙofar gida. Akwai rumfa a bakin layinsu, saboda haka daga safe har yamma Nirod na kwance yana jin matarsa tana kukan mutuwarsa ta taga. Ta tashi za ta rufe, ya hana.

"Bar shi. Mutum nawa ne suka ji nasu da kunnensu? Amma kin ja numfashi a tsakiyar baiti na biyu, ban koya miki haka ba."

Tun daga nan ba ta ƙara yin barci mai nauyi ba. In ya yi tari sai ta ji ƙarar koɗin nan a dutse. Likita ya ce ciwon ne ke tafiya da kansa, ta ji, amma bai shiga ba.

Sanyi na shigowa Nirod ya cika, da hantsi, tana ba shi ruwa.

Da aka ɗauke shi, mata suka kai ta bakin kogi. Suna ta satar kallonta, kowa na jiran kukan da ya gani a sinima. Ko ɗigo bai zo ba. Duk yadda ta motsa fuska sai ta ji ta riga ta yi wannan a gaban kyamara, kunya ta rufe ta.

Tsohuwa ce za ta fasa mata awarwaron. Ta kama hannun, ta ɗora a kan matakalar dutse, ta tsaya tana kallon awarwaron da ruwa ya fara wanke wa kurkur. Ba ta ɗaga murya ba, don kada sauran su ji.

"Tun ranar na gani. Shi ya roƙe ni in yi shiru." Ta saki hannun. "Waɗannan ba ɗana ne ya sa miki ba, Bouma. Ba ni da abin fasawa. Cire su da kanki."

Tapoti ta shiga murza su. Mai shagon ya zaɓo mata masu matsewa, suka ƙi wuce ƙashin hannu, matan na tsaye suna jira.